Jirgin yaƙi a tafin hannu: yadda ake haɗa ƙananan jirage da awo da haƙuri

 Yau za mu yi bayani kan wani aikin hannu da mutane da dama a duniya suka ɗauka abin ɗebe kewa, yara da manya har da tsofaffi masu furfura: haɗa ƙananan jiragen saman yaƙi, waɗanda ba su tashi, ba su harbi, amma in ka dube su sai ka rantse jirgin gaske ne aka ƙanƙance.

Abin ba baƙo ba ne gare mu gaba ɗaya. Wane ne cikinmu bai yi motar kara ba yana yaro, ko motar waya, ko ta gwangwanin madara? Daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, duk unguwar da ka shiga za ka tarar da yaro yana tura abin da ya ƙera da hannunsa. Wasu ma jirgin sama suke yi, da fukafukai da farfela mai juyawa in iska ta buga. To, bambanci guda ne tsakanin wannan da abin da muke magana a kai. Yaronmu da ido yake aunawa. Masu wancan aiki kuwa da ma'auni da lissafi suke yi, kuma a nan duk darajar abin take.

Mene ne 1:72?

In ka ɗauki kwalin irin wannan jirgi, za ka ga an rubuta lamba a jikinsa, kamar 1:72 ko 1:48 ko 1:144. Ma'anar 1:72 ita ce an raba girman jirgin gaske gida 72, an ɗauki kashi guda. Santimita 1 a jikin ƙaramin jirgi daidai yake da santimita 72 a jikin babban. Kuma ba tsawo kaɗai ba: faɗin fiffike, girman taya, tsayin wutsiya, kujerar matuƙi, komai sai an raba shi da 72. Mutum mai tsayin mita 1.80 zai koma santimita 2 da rabi, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Bari mu kawo misali da jiragen da muka sani. Jirgin nan mai farfela huɗu da ke ɗaukar sojoji da kaya, C-130, wanda sojan samanmu na Nijar ke aiki da irinsa, tsawonsa kusan mita 30 ne, faɗin fukafukansa kuma ya ɗan haura mita 40. A ma'aunin 1:72 zai zo da tsawon santimita 41 da faɗin santimita 56, wato sai ya cika faifai babba har ya yi saura. A 1:144 kuwa rabin haka ne. Jirgin Su-25, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyat, wanda Nijar ta sayi guda biyu a 2013, faɗin fukafukansa mita 14 ne da ƴan kai. A 1:72 zai zama santimita 20, a 1:48 kuma santimita 30. Kun ga ke nan, in lambar ta ƙaru jirgin ya ƙanƙance, in ta ragu jirgin ya girma.

Me ya sa 72, ba 70 ko 100 ba? Saboda abin daga Ingila ya faro, kuma su da inci da ƙafa suke awo. Ƙafa 6 inci 72 ne, kusan tsayin namiji dogo. Sai aka ce to, inci guda ya tsaya a madadin ƙafa 6. Haka lissafin ya zo masu da sauƙi, kuma har yau duniya na bin sa.

Daga ina abin ya samo asali?

A 1932 wani kamfani a Ingila mai suna Skybirds ya fara sayar da guntayen katako da ƙarfe da ake sassaƙawa a haɗa jirgi a ma'aunin 1:72. A 1936 kamfanin FROG ya fito da na roba. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya mai da abin wasa abin aiki. Mai gadin sama dole ya gane jirgi tun daga nesa, na abokin gaba ne ko na gida, in ba haka ba ya harbo ɗan uwansa. Don haka a 1942 sojan ruwan Amurka suka nemi ƴan makarantun ƙasar su ƙera ƙananan jirage 500,000 na katako, iri 50, duk a ma'aunin 1:72, a shafe su da baƙin fenti. Ana rataye su ana koya wa sojoji gane siffa. Dabarar ita ce, ƙaramin jirgin da ka hanga daga mita 10 girmansa a ido daidai yake da na jirgin gaske da ke nisan mita 720. In yaro ya yi kuskuren awo, jirginsa bai da amfani, domin zai koya wa soja ƙarya.

Bayan yaƙi, a shekarun 1950, kamfanin Airfix na Ingila ya shiga zuba narkakkiyar roba cikin mazubi yana fitar da sassa masu arha, ana sayarwa cikin leda a kantuna. Jirgin Spitfire na daga cikin na farko. A Faransa kamfanin Heller ya kafu a 1957. Akwai Revell da ya faro a Amurka, da Italeri a Italiya, da Zvezda a Rasha, da Tamiya da Hasegawa a lardin Shizuoka na Japan. A 1963 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, IPMS, wadda yanzu ke da rassa a ƙasashe da yawa. Kowace shekara a watan Nuwamba suna babban baje koli a garin Telford, inda alƙalai ke duba aiki da ƴar fitila, suna neman inda gam ya zuba ko inda fiffike ya karkace.

Abin da ke cikin kwali, da yadda ake haɗawa

In ka buɗe kwalin ba jirgi za ka gani ba. Sassa ne ƙanana manne da wani firam na roba, kowane da lambarsa, sai takardar zane mai nuna wane ke shiga wane, sai wata ƴar takarda mai ɗauke da tambura da lambobin jirgin. Mai sauƙi na iya zuwa da sassa 30 ko 40, manya kuwa ɗaruruwa.

Ba a ɓalle sassan da hannu. Da ƙaramin almakashi ko reza ake yankewa, sannan a goge bakin yankan da takardar yashi mai laushi, irin wadda kafintoci ke goge katako da ita. Kafin a sa gam, sai an gwada haɗa sassan haka nan a ga ko sun zauna. Gam ɗin ma ba irin na takarda ba ne. Narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, sassan biyu su zama abu guda. Shi ya sa ɗigo kaɗan ake sawa da bakin tsinke. In ya zuba a jiki ya ci wurin, in kuma ya taɓa gilashin da ke rufe matuƙi ya dushe shi har abada.

Daga ciki ake farawa. Mazaunin matuƙi, da kujerarsa, da sandar tuƙi, da allon agogai, duk sai an fente su tukuna, domin da zarar an rufe gangar jikin jirgin hannu ba ya sake kaiwa can. Jirgin da ke da taya a gaba, kamar Su-25, sai an ɓoye masa ɗan nauyi cikin hanci, guntun dalma ko ƙaramin noti. In an manta, ranar da aka gama sai ya zauna kan wutsiya, hanci a sama, kuma ba halin buɗewa. Masu wannan aiki kaɗan ne abin bai taɓa samu ba.

Bayan an haɗa rabi da rabi, layin haɗin yakan fito. Jirgin gaske ba shi da wannan layi, don haka sai a cike shi, a goge, a duba, a sake gogewa. A nan ne mai gaggawa ke faɗuwa. Ku tuna lissafinmu: tudun gam mai kaurin milimita 1 a jikin ƙaramin jirgi, a jikin na gaske tudu ne na santimita 7. Wane matuƙi zai hau jirgi mai irin wannan ƙari a fiffike?

Fenti da ƙawa

Fenti ba a lafta shi. Ana tsinka shi ya yi ruwa-ruwa, a shafa siriri, a bari ya bushe, a sake, sau biyu ko uku. Mai kauri yana toshe ƴan layukan da ke nuna inda faranti ya haɗu da faranti. Wasu da burushi suke yi, masu hali kuma da ƙaramar na'urar feshi. Gilashin matuƙi ana rufe shi da salatif na takarda, a yanke daidai, don fenti ya hau kan ƙarafunan da ke riƙe gilashin kaɗai.

Tamburan kuma jiƙa su ake yi a ruwa na ɗan lokaci, su saki takardar, a zame su a hankali zuwa mazauninsu. Kafin nan akan shafa wa jirgin fenti marar launi mai ƙyalli, don tambarin ya kwanta lif ba iska a ƙarƙashinsa. A nan ma akwai ilimi. Tambarin jiragen sojan Ingila zagaye ne mai shuɗi a waje, fari, ja a tsakiya. Na Faransa launukan guda ne amma a juye: ja a waje, shuɗi a tsakiya. Na Najeriya tsanwa, fari, tsanwa. Namu na Nijar launukan tutarmu ne, ruwan lemu da fari da tsanwa, kuma lambar jiragen ƙasarmu da 5U take farawa, ta Najeriya da 5N. Wanda ya juya tambari ya mai da jirgin wata ƙasa na wata.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda gwanaye suka fi ji da shi: sa wa jirgi tsufa. Jirgin da ya yi aiki ba ya zama fes. Akwai baƙin hayaƙi bayan bututun injin, akwai inda takalmin makaniki ya kankare fenti a gindin fiffike, akwai ɗigon mai, akwai inda rana ta koɗe launi. Duk wannan da fensir da garin alli da tsinkakken fenti ake kwaikwayonsa. Amma da hoto a gaba ake yi, ba da ka ba, kuma kaɗan ya fi yawa kyau.

Jirgin da ya bi ta maƙwabtanmu

Mai yin wannan aiki da gaske ba ya cewa kawai "na haɗa Hurricane". Sai ya ce wane Hurricane, na wace shekara, a wace ƙasa. Ga misali da ya shafe mu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana. A can ake fiddo sassa a haɗa su, kamar dai yadda muka bayyana, sai dai su na gaske ne. Daga watan Satumba na 1940 jiragen suka fara tashi suna bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan ta El Fasher da Khartum har Masar. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Kakannin wasunmu da ke fatauci zuwa Kano a wancan zamani a ƙarƙashin wannan hanya suke tafiya.

To, wanda zai haɗa Hurricane na hamada dole ya san abu biyu. Na farko, an ƙara masa wata matata a ƙarƙashin hanci don kada yashi ya shiga injin ya cinye shi, abin da duk mai babur a ƙasar nan ya san zafinsa lokacin hunturu. Matatar ta sauya siffar hancin, har ya yi kamar mai haɓa. Na biyu, launinsa ba tsanwa irin ta Turai ba ne: ruwan ƙasa ne da ruwan yashi a sama, shuɗi mai haske a ciki. Faɗin fukafukansa mita 12 ne da ɗan ƙari, wato kusan santimita 17 a 1:72. Kun ga yadda abu mai girman tafin hannu ya ja mutum zuwa tarihi da taswira da aikin injin.

In babu kwalin fa?

Gaskiya ita ce ba a cika samun waɗannan kwalaye a kasuwanninmu ba, kuma mai neman na hatsi ba zai sa kuɗinsa a nan ba. Amma ba robar ce aikin ba, awon ne. Kafin a fara na roba, da katako ake yi. Abin da ake bukata shi ne zanen jirgin ta fuska uku, daga sama, daga gefe, daga gaba, da sanin tsawonsa da faɗinsa na gaskiya. Ana samun wannan a littattafai da intanet, ko a salula. Sai a raba da 72, a zana a takarda, a yanka.

Gangar jiki a sassaƙa ta da itace mai laushi ko cikin karan dawa. Fukafukai da kwali mai ƙarfi ko gwangwanin da aka buɗe aka daddale. Ƙafafu da waya, tayoyi da tsohon silifa, gilashin matuƙi da gorar ruwa ta roba, bindigogi da eriya da tsinken tsintsiya. Yaron da ya iya motar kara ya riga ya yi rabin tafiya. Abin da ya rage masa rula ce da lissafin rabawa, wanda ake koya masa a lakwal yana ganin ba shi da amfani. Muna ganin malaman makaranta za su iya gwada wannan a aji: a ba yara tsawon C-130 da faɗinsa, a ce su fitar da shi a 1:144. Wanda ya yi wannan da hannunsa ba zai sake mance mene ne ma'auni a taswira ba. Kuma wannan ilimin ne dai magini ke karanta zanen gida da shi, tela ke yanka da shi, mai walda ke fitar da ƙofa da shi.

Yanayinmu ma sai an yi la'akari da shi. Zafi na busar da fenti tun yana bakin burushi, don haka da sassafe ya fi. Lokacin hazo, ƙura na manne wa ɗanyen fenti, sai a kife kwano ko roba a kan aikin har ya bushe. Kada a bar jirgin roba a rana ko kusa da rufin kwano, fukafukan za su lanƙwashe.

Gargaɗi uku

Na farko, gam da fenti da abin tsinka fenti suna da tururi mai illa, kuma wuta na kama su. A yi aiki a fili ko bakin taga, nesa da murhu. Mun san yadda shaƙar sholisho ta lalata yara a garuruwanmu, don haka babba ya riƙe gam ɗin, ya ba da shi lokacin aiki, ya karɓe in an gama. Reza ma haka. Ƙananan sassa kuma a kau da su daga inda mai rarrafe zai kai baki.

Na biyu, kuma wannan ya fi kowane nauyi: kada sha'awar jirgi ta kai wani ya je yana ɗaukar hoto ko zane a bakin sansanin soja ko filin jirgi. A halin tsaron da ƙasarmu ke ciki, wanda aka kama da haka zai sha tambayoyi, kuma "abin wasa nake haɗawa" ba lalle ta fitar da shi ba. Hotunan da aka riga aka wallafa sun isa. Haka nan, abin da muke magana a kai na ajiya ne a kan tebur. Duk abin da ke tashi sama da na'ura, kamar jirgi marar matuƙi, wani babi ne dabam mai dokokinsa, kada a haɗa su.

Na uku, jirgin yaƙi kayan kisa ne, kuma akwai iyalai a yankin nan da ƙarar jirgi ba daɗi take tuna masu ba. In yaro ya haɗa, a gaya masa abin da jirgin ya yi da waɗanda abin ya shafa. Wanda kuma ransa bai kwanta da na yaƙi ba, akwai jiragen fasinja irin masu kai alhazai, da motoci, da jiragen ruwa. Lissafin duk guda ne.

Ga ƴan uwa na ƙetare

Ku da ke Faransa, Beljiyam, Amurka ko wani wuri, in kuna neman tsarabar da za ta daɗe a hannun yaro, ga shawara. Ku nemi na 1:72 mai injin guda, kamar Spitfire ko Hurricane, mai sassa kaɗan, wanda aka rubuta na masu farawa ne. Akwai masu zuwa da burushi da ƴan fenti masu narkewa a ruwa. Kada ku fara da babba mai sassa ɗari biyu, zai gaji ya watsar. Ku kuma sani cewa gam da fenti masu kama wuta ba a yarda a sa su cikin kayan jirgi ba, sai ku tambaya kafin ku ɗaure kaya.

Mu kuma iyaye na gida, in yaro ya zauna awa biyu yana goge fiffike guda, kada mu ce ɓata lokaci yake yi. Mu tambaye shi nawa ya auna, da nawa ya raba. In ya ba da amsa daidai, a saya masa rula da fensir. Wanda ya ƙera nasa, na kara ne ko na gwangwani, ya kawo mana shi gidan rediyo tare da lissafinsa, za mu so mu gani, mu kuma ba masu saurare labari.